Jar Bishiyar da ke Hoton Baban Nafisa

Tun da na dawo daga China ban huta da tambaya ba. A gidan biki a tare ni, a gidan suna a tare ni, har a layin asibiti wata ta riƙe mini mayafi tana son jin ko gaskiya ne jirgi na hau takanas don neman bishiya. Gaskiya ne. Bakina ya gaji da maimaitawa, kuma na lura labarin na ƙara gishiri da zarar ya bar hannuna, har an fara cewa daji na shiga da gatari. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata ta karanta.

Sana'ata ƙawata wurin biki. Shekara goma sha shida ina ɗaura labule, ina jera fure, ina gyara wa 'ya'yan mutane kujerar amarya a Kano. Da aka sa ranar Nafisa, 'yar farina, na ce ta faɗi duk abin da take so, tunda yau dai aikin na gida ne. Na zaci waya za ta miƙo mini da hotunan bikin Dubai, kamar sauran amare. Sai ta shiga ɗaki ta fito da tsohon hoton mahaifinta, Allah ya jiƙansa, wanda ya ɗauka lokacin da aka tura shi China kwas na wata huɗu kan injinan ban ruwa. Yana zaune a kan benci, bayansa wata bishiya ganyenta ja wur.

"Umma, wannan nake so a bayan kujerata," ta ce. "Ba mai kama da ita ba. Ita."

Sai na yi muku bayanin dalili. Yana can na haifi Nafisa, kuma ya rasu tana da shekara tara. Mutum ne na da, mai riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Bai ɗauke ta a gaban mutane ba. Ƙannenta suna hawa wuyansa, ita tana gefe tana kallo. Ni na daɗe da ajiye wannan kunyar, shi kuwa da ita ya tafi. Nafisa ta san al'ada ce, amma sanin kai daban, na zuciya daban. Ta taɓa tambayata tana 'yar sakandare ko Baba ya yi murna da aka haife ta. Na ce mata ƙwarai kuwa, amma ni da ita mun san ba ni da abin nunawa. Saboda haka da ta nemi bishiyar nan, na san ba ado take nema ba, kuma na san ba zan dawo mata da ta bogi ba.

Matsalar ita ce babu wanda ya san sunan bishiyar. Na kai hoton wajen masu sayar da shuke-shuke, kowa ya juya shi ya girgiza kai. Sai ƙawata Hajiya Zali, 'yar Maraɗi mai safarar kayan kicin daga Guangzhou, ta ce a can ake ƙera bishiyoyin ado na roba da yadi iri-iri, kuma tafiya ta kama ta a watan sha biyu.

"Ke dai Hajiya, don icce guda za ki tahi Shin?" ta ce tana dariya, don Shin suke ce wa China a wajensu. "To mu tahi. In babu shi can, babu shi duniya."

Daga Kano muka bi ta Habasha, muka yi zaman jira har ƙafafuna suka kumbura, sannan muka hau dogon jirgin. Ban yi barci ba. Hoton na cikin jakar hannu, jakar na kan cinyata, ko banɗaki da ita nake shiga.

A filin jirgin Baiyun na fara jin kunya. Akwai injin da ake ɗora yatsu a kai ya ɗauki zane, kuma ni kwana uku kafin tafiya na sha lalle baƙi da ja a bikin wata da na yi wa aiki. Na ɗora, injin ya ƙi. Na goge a zane na sake ɗorawa, ya ƙi. Wata jami'a ta zo ta kama hannuna tana dubawa, ta kira 'yar'uwarta, su biyu suka tsaya suna yaba zanen furen da ke bayan hannuna, layi kuwa na ƙara tsawo. Da ƙyar babban yatsa ya yarda. A gaba kuma aka buɗe akwatina aka cire kilishin da na yi guzuri, wai ba a shiga da nama. Hajiya Zali ta gaya mini tun a Kano, ni ce na yi kunnen ƙashi. Yajin ma jami'in ya buɗe ya shinshina, ya yi atishawa har huɗu, ya rufe ya miƙo mini abina da sauri.

Masaukinmu a unguwar Xiaobei yake, hawa na sha ɗaya. Ɗakin bai kai kicin ɗina ba. In Hajiya Zali na salla sai in hau gado in naɗe ƙafa. Amma da muka sauko titi sai na ji kamar ban bar gida ba: ga Hausar Kano, ga ta Maraɗi, ga wani mutumin Kumasi yana ciniki a waya yana cewa "ka bari wasa". Abincin farko da na ci taliya ce da wani Musulmin China mai farar hula ya ja da hannu a gabanmu. Aka ba ni sanduna biyu. Na yi ta kokawa, taliya na sulluɓewa, romo na fallatsa mini a mayafi, har matar mai shagon ta tausaya ta kawo cokali mai yatsu. Na nemi ruwa aka kawo mini ruwan zafi zalla, kamar mai jego. Haka suke sha ko'ina, kuma kafin in dawo ni ma na saba.

Kalmomi huɗu Hajiya Zali ta koya mini. "Ni hawo" gaisuwa, "sheshe" godiya, "lawban" mai shago, "meyo" babu. Ta ƙarshen na fi ji.

Washegari muka shiga kasuwar furannin roba da ke wajen titin Yide. Ni da nake taƙama na san fure, sai na koma baƙauya. Bene a kan bene, bishiyoyi har rufi, wasu ma da tsuntsayen ƙarya a kai. Wurin kayan biki kuwa ja ne ko'ina, domin su ja ne launin aure. Farin da muke kashe kuɗi a kai a Kano, a al'adarsu ta asali na makoki ne. Na nuna hoto a shago na farko, lawban ya duba ya ce "meyo". Na biyu "meyo". A na shida wata mata mai suna Madam Lin ta tafa hannu ta ce "fang", ta jawo mu ciki. A nan na fara jin sunan: su suna cewa fang, Turawa na cewa mepul. Ta nuna mini wata ja mai kyau, ganyenta siriri mai yatsu bakwai. Na gwada da hoton, ja dai ja ne, zuciyata ta ce an gama. Na karɓi reshe ɗaya na gwaji, na fito ina taku ɗai-ɗai.

Da murnata muka wuce benen Tianxiu wajen Alhaji Sabo, mutumin Kano mai aika kaya gida, wanda ya shekara goma sha biyar a garin kuma yake jin yarensu. Na ɗora reshen a teburinsa. Ya dube shi, ya dube ni, ya tashi ya tura ƙofar ofis.

"Hajiya, kin san kamar ganyen me wannan?"

"Na bishiyar hoton mana."

"Ki cire jan a ranki, ki mai da shi kore."

Na ƙura ido. Sai na tuna irin ganyen da 'yan iskan unguwa ke liƙawa a bayan babur. Ganyen wiwi sak.

"Ni dai ba zan loda wannan ba," ya ce. "In an buɗe kwali a Kano sai mun yi kwana uku muna bayani. In ma ya wuce, ki ɗora wa amarya shi a ka a gaban surukai?"

Hajiya Zali ta yi dariya har ta zauna a kan kwalin tukwanen wani. Ni kuwa gumi ne ya keto mini, don na hango kawun ango, limami ne, zaune a layin gaba. Da na sake duba hoton da idon basira, sai na ga ganyen da ke ciki ya fi faɗi, yatsunsa gajeru. Son a gama ne ya rufe mini ido.

Ranar Juma'a muka je Masallacin Huaisheng, tsohon masallaci mai doguwar hasumiya sumul ba ado. Na yi salla kusa da wata tsohuwa 'yar China, muka gaisa da sallama irin tamu ba tare da tafinta ba, abin ya yi mini daɗi ƙwarai. Bayan an idar Alhaji Sabo ya zaga da hoton cikin 'yan kasuwarmu a waje, sai ga malaman bishiya sun yi yawa. Wani ɗan Kantin Kwari ya rantse zurma ce ta girma. Wani daga Yamai ya ce auduga ce sanyi ya ƙone. Mutumin Kumasi ya ce rogo ne. Wani kuma ya ce a dutsen Baiyun akwai jajayen bishiyoyi a wannan watan, mu je mu gani da ido.

Muka je ranar Asabar. Na hau tudu ina haki, tsofaffin China masu shekara saba'in suna wuce ni, wasu ma da baya da baya suke tafiya wai motsa jiki. Muka sami bishiyoyin, dogaye, ganye ja da ruwan goro, amare biyu na ɗaukar hoto a ƙarƙashi alhali bikinsu sai bayan watanni. Na tsinci ɗan reshe da ganyensa: yatsu uku. A ƙasa kuma ga 'ya'yanta masu ƙaya kamar na zurma. Na sa a jaka, amma raina bai kwanta ba. Kwana biyar sun tafi, saura huɗu jirginmu ya tashi. Da Nafisa ta kira ta ce, "Umma, an samu?" sai na ce mata ana kan hanya. Na kashe wayar na zauna a kan dutse, a lokacin na fara tsoron zan koma hannu rabbana.

Madam Lin ce ta cece ni. Da na mayar mata da reshenta, Alhaji Sabo ya yi mata bayanin dalili, ta rufe baki tana dariya, ta ce ba ni ce ta farko ba. Sannan ta ce surukinta ya yi shekara arba'in yana aikin lambun gwamnati, yanzu yana zaune a masana'antarsu da ke Fangcun, shi ke zana ganyen da ake yankawa. In bai san bishiyar ba, to a haƙura.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa muka hau, ni da Hajiya Zali da Alhaji Sabo. A wata tasha suka fita, ni ina gyara jaka ƙofa ta rufe da ni. Na wuce tasha ɗaya ina salati, na sauka na tsaya inda nake kamar yadda aka ce in yi, har suka biyo ni a na baya. Hajiya Zali ta ɗaure bakin mayafina a hannunta har muka isa.

Tsohon, Malam Chan nake ce masa, ɗan siriri ne mai farin gashi, yana zaune a tsakiyar buhunan ganyen yadi da butar shayi a gabansa. Bai karɓi hoton ba sai da muka sha shayi kofi uku, 'yan mitsi-mitsi kamar murfin kwalba. Sannan ya goge hannu, ya ɗauko madubin ƙara girma. Na zube masa ganyen dutse da ɗaya daga mai kama da wiwin, wanda Madam Lin ta bar mini. Alhaji Sabo na fassara.

Ya ɗaga na dutsen. "Ya ce wannan ba fang ba ce, maƙwabciyarta ce, mutanen nan kudancin China ne ke kiranta haka don ba su da ta gaske da yawa. Ki duba reshe: ganye ɗaya nan, ɗaya can sama, kowa na harkarsa. 'Ya'yanta kuma ƙaya."

Ya miƙa hannu a wani akwati ya ciro busasshen reshe. "Ya ce fang ta gaske, ganyenta biyu-biyu suke fitowa, suna fuskantar juna. Irinta ma biyu ne a manne, kowanne da fiffike ɗaya, in sun faɗo tare suke juyawa har ƙasa. Wai shi ya sa yake son a sa ta a wurin aure."

"Bon, wannan icce ya hi wasu maza hankali," in ji Hajiya Zali, da "bon" ɗinta na Faransanci.

Ya koma kan hoton, ya daɗe. Ya ƙirga da bakin fensir: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ya nuna mini ta madubin, na ga ganyen biyu-biyu, na ga har 'yan fikafikan a saman kafaɗar marigayi. Ya ce sunanta fang mai kusurwa biyar, kuma a arewacin China take, inda ake ƙanƙara. Ya tambayi garin da maigidana ya zauna, na ce Beijing. Ya yi murmushi ya ce na zo nemanta nesa da gidanta, Alhaji Sabo ya ƙara da cewa tazarar ta ninka nisan Kano da Legas. Ni a tunanina China ai China ce, bishiyar da ke wannan gari tana wancan.

Har na fara hamdala, sai na ga ya mai da madubin ƙasa, wajen hannun marigayi. Ya kwashe da dariya, ya ɗago ya yi mini tambaya.

"Hajiya, wai wa aka haifa?" in ji Alhaji Sabo.

Na ce ban gane ba. A gefen marigayi a kan bencin akwai wani ɗan kwano da jajayen abubuwa a ciki, ɗaya kuma a hannunsa. Shekara ashirin da 'yan kai muna ɗauka tumatir ne, har ƙannen Nafisa na tsokana wai Baba ya je China sayar da kayan miya. Tsohon ya miƙo mini madubin. Ƙwai ne. Dafaffen ƙwai da aka rina ja.

"Ya ce a al'adarsu, in an yi wa mutum haihuwa, shi ke dafa ƙwai ya rina ja ya bi abokai da maƙwabta yana rabawa, kowa ya san ya samu ƙaruwa. Ba a yin sa don wani abu daban a irin wannan lokaci. Kuma ya ce jan nan na ganyen, a Beijing, ƙarshen watan goma ne zuwa farkon na sha ɗaya, ba ya daɗewa."

A makon ƙarshe na watan goma na haifi Nafisa.

Na zauna a kan buhun ganye. Mutumin da a gida ko sunanta ba ya iya faɗa, ashe da ya ga babu idon dangi, kwano ya ɗauka ya bi mutanen wata ƙasa ɗaki-ɗaki yana shelar an haifa masa 'ya. Na yi kuka, na yi dariya, na kuma ji haushinsa kaɗan da bai taɓa gaya mini ba. Hajiya Zali ta share hawaye da bakin mayafina da har yanzu ke hannunta. Malam Chan ya rasa abin yi, sai ya ƙara mana shayi.

Ƙarfe uku na rana ne a can, takwas na safe a Kano. Na kira Nafisa ta bidiyo, na ɗora madubin a kan hoton, na kanga wayar, na gaya mata abin da tsohon ya ce. Ta matso da fuskarta kusa da wayar.

"Umma, guda nawa ne a kwanon?"

Na ƙirga. "Huɗu, da na hannunsa biyar. Kwanon ya kusa ƙarewa."

"Wato har ya raba da yawa," ta ce.

Malam Chan da kansa ya zana ganyen, mai kusurwa biyar, biyu-biyu a reshe, ya sa aka liƙa har da 'yan fikafikan. Ya ƙi yarda da jan farko da aka rina, wai ya yi kama da jan leda, sai da aka sake. Bishiya shida na yi oda, masu kwancewa gunduwa-gunduwa. Alhaji Sabo ya ƙirga yatsun ganye a gabana kafin ya yarda ya aika da su ta jirgin kaya, suka iso Kano mako biyu bayan dawowata. Ranar da za mu rabu na ba Malam Chan ragowar yajina, na ce masa "sheshe" ya fi sau goma, don ita kaɗai ce kalmar godiya da nake da ita.

Bikin ya yi kyau, waɗanda suka je sun gani. Abin da ba ku gani ba shi ne safiyar ɗaurin aure. Nafisa ta tashi ta dafa ƙwai da kanta, ta rina da jan kalar girki, ta sa a kwano. Kafin maza su tafi masallaci ta je ta durƙusa gaban Baffa Isa, wan mahaifinta, wanda shi ne waliyyinta, ta miƙa masa ɗaya. Ya juya ƙwan a hannu yana tambayar ko na mene ne. Ta ba shi labari. Tsohon ya dubi ƙwan, ya dube ta.

"Ni na buga wa babanki waya ranar da aka haife ki, daga shagon waya na bakin kasuwa," ya ce. "Da na ce mace ce, kuma lafiya lau, sai na ji mutum ya fashe da kuka. Ya ce in sa miki Nafisa, ya maimaita sunan ya fi a ƙirga, kuɗin waya na ta tafiya. Sannan ya ce, Yaya, don Allah kar ka faɗa wa kowa."

Ya fasa ƙwan a gwiwarsa ya fara ɓarewa.

"To, ga shi na faɗa. Ya yafe mini."